Magani a Cikin Baiti: Waiwaye a Kan Waƙar "Die Gesundbrunnen" ta Neubeck

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba da waƙoƙin ilmantarwa, inda malami kan zuba fiƙihu ko ilmin taurari cikin baitoci don sauƙaƙa hadda. Wannan muƙala za ta dubi irin wannan yunƙuri a adabin Jamusanci, inda wani likita ya wake hanyar jinya da ruwa.

2.0 Marubucin

An haifi Valerius Wilhelm Neubeck a garin Arnstadt a 1765, ya rasu a 1850. Ya karanci likitanci, ya kuma yi aiki a Steinau ta yankin Silesiya, wadda a yau take cikin ƙasar Polan. A 1795 ya fitar da waƙarsa "Die Gesundbrunnen", wato maɓuɓɓugan lafiya.

3.0 Jigo da Tsari

Waƙar tana da kashi huɗu. Na farko ya bayyana yadda ruwa mai ma'adinai yake samuwa a ƙarƙashin ƙasa, na biyu ya zayyana fitattun maɓuɓɓugai. Sauran biyun ƙa'idoji ne ga majinyaci dangane da shan ruwan da wanka da abinci da motsa jiki. Marubucin ya ari karin tsoffin waƙoƙin Girkawa mai ƙafa shida a kowane ɗango, ba tare da amsa-amo ba. A 1797 mashahurin mai tarken nan August Wilhelm Schlegel ya yaba mata ƙwarai, kuma wannan yabo ne ya fito da sunanta.

4.0 Dalilin Dusashewarta

Duk waƙar da aka gina a kan ilmin wani zamani, ƙaddararta tana ɗaure da ta wannan ilmi. Tun Neubeck yana raye Vinzenz Priessnitz ya karkatar da hankalin majinyata zuwa ga jinya da zallar ruwan sanyi a Gräfenberg. Daga baya Sebastian Kneipp ya wallafa "Meine Wasserkur" a 1886 cikin zube, jama'a suka rungume shi. Mai neman lafiya ya sami umarni kai tsaye, sai baitoci suka rasa masu buƙatarsu.

5.0 Kammalawa

An ga yadda Neubeck ya haɗa likitanci da fasaha, da yadda sauyin ilmi ya jingine waƙarsa. Amfaninta a yau ya koma ga masu tarihi, domin ta adana yadda likitan ƙarshen ƙarni na 18 ya fahimci ruwa da jiki da lafiya.