Sunan harsashi daban, kaurinsa daban

A Amurka akwai dubban mutane da ba sa jefar da kwanson harsashi bayan sun harba. Su tsince shi, su goge, su sa masa sabuwar hular tartsatsi da albarushi da ƙwayar harsashi, ya koma sabo. Doka ta yarje musu a can, saɓanin Najeriya inda dokar bindigogi ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba tare da izini ba. Maharbinmu mai ɗura bindigar toka zai gane rabin aikin, amma abin da ke ba masu libarba wahala bai taɓa damunsa ba, wato kaurin ƙwayar. Gardamarsu a kan kashi ɗaya cikin dubu na inci take, abin da bai kai kaurin silin gashi ba.

Farkon ruɗanin daga suna yake. Harsashin da ake kira .38 Special kaurinsa 0.357 na inci ne, daidai da na .357 Magnum da ya fito a 1935. Wanda ake kira .44 kuwa 0.429 ne. Dalili yana cikin tarihi. Harsasan farko kaurinsu ɗaya da kwanson, sai ɗan siririn dunduniya da ke shiga ciki, man shafawa kuma a waje yake yana kwasar ƙura da yashi. Da gwamnatin Rasha ta yi odar libarba daga kamfanin Smith & Wesson a farkon shekarun 1870, sai ta ce a mayar da man cikin kwanso. Dole ƙwayar ta rage ƙiba ta shige ciki. Daga nan aka sami .44 Russian, wanda ya haifi .44 Special a 1907, shi kuma ya haifi .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Jiki ya rame, suna ya zauna yadda yake. Ƙaramin harsashin .22 ne kusan kaɗai ya riƙe tsohon salon har yau.

Amma ko mutum ya haddace waɗannan lambobi, bai gama ba, domin libarba ba kamar sauran bindigogi take ba. Ƙwayar tana bi ta ƙofa biyu. Tana fara fita ta maƙogwaron ramin da ke jikin gangar nan mai juyawa, ta tsallake ɗan giɓi, sannan ta faɗa bututu mai murɗaɗɗen zane wanda ke sa ta juyawa. Abin da ake so shi ne maƙogwaro ya yi daidai da faɗin bututun, a auna daga gindin zane zuwa gindin zane, ko ya ɗara shi kaɗan, ƙwayar kuma ta cika maƙogwaron. In maƙogwaron ya fi bututu matsi, zai matse ƙwayar dalma ta sirance tun kafin ta isa bututu. Sai iskar albarushi mai zafi ta kurɗa ta gefenta, ta zaizaye dalmar ta shafe ta a jikin bututun, saiti ya lalace. A nan babu kaurin da zai yi magani, sai maƙerin bindiga ya buɗa maƙogwaron.

Ni a ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora wa taushin dalma laifi. Mutum ya ga dalma ta liƙe a bututu, sai ya sayo ƙwaya mai tauri, abin ya ƙaru. Mai taushi, in iska ta buge ta daga baya, takan ɗan kumbura ta toshe hanya. Mai tauri da ta yi ƙanƙanta ba ta kumbura, iskar ta yi ta wucewa. Shi ya sa masu zuba dalma kan ƙara kashi ɗaya cikin dubu: 0.358 ga .38, 0.430 ga .44. Ƙwaya mai rigar jan ƙarfe ba a yi mata wannan ƙari, don ba ta matsuwa da sauƙi, kuma in ta yi ƙiba matsin cikin bindiga yana hauhawa.

Tsofaffin bindigogi su suka fi neman lura. Harsashin .45 Colt ya fito tare da libarbar sojan Amurka ta 1873, kuma bututun bindigoginsa da aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu kan kai 0.454, na bayan yaƙi ya koma wajen 0.452. Harsashin .38 S&W, wanda Ingila ta ɗauki irinsa a libarbar sojojinta, 0.361 ne, ba 0.357 ba, duk da kamancin suna. Ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta tsara ma'auni ga masana'antu, amma ta bar ɗan sarari na ƙari da ragi, sa'annan bindigogi da yawa sun girme ta.

Don haka ƙwararru ba sa dogara da rubutun jikin kwali. Sukan tura guntun dalma mai taushi ta cikin bututun da kowane maƙogwaro, ɗaya bayan ɗaya, don ramukan gangar ba lallai su zo daidai ba, sannan su auna da maikiromita. Bututu mai zane biyar, irin na Smith & Wesson da yawa, yana da wuyar awo, domin babu zane biyu da ke fuskantar juna; a nan sukan wadatu da awon maƙogwaro. Ƙwayar da ta dace ita ce wadda ba ta zurarewa da kanta in an saka ta a ramin, amma ta wuce in an tura ta da fensir da ƙarfin ɗan yatsa.