Gyaran Sufurin Fasinja a Layin Dogo na Abuja zuwa Kaduna

A watan Yuli na shekarar 2016 aka buɗe layin dogo mai tsawon kilomita 186 daga tashar Idu a Abuja zuwa ta Rigasa a Kaduna. Da yake masu garkuwa da mutane sun addabi hanyar mota, nan da nan ma'aikata da 'yan kasuwa suka koma jirgin ƙasa, har tikiti ya faɗa hannun 'yan bumburutu. Don magance haka aka fara sayar da shi ta intanet a farkon 2021.

Harin 28 ga Maris 2022, inda aka kashe fasinjoji aka kuma sace wasu, ya tsayar da zirga-zirga har zuwa Disamba. Daga nan shawarwarin gyara suka karkata ga tsaro, watau sintiri da na'urorin sa ido. Wannan wajibi ne, amma bai wadatar ba.

Abin lura shi ne dogon tilo ne, saboda haka jirage biyu ba sa gifta juna sai a inda aka yi wurin kaucewa. Idan ɗaya ya makara, ɗayan ma dole ya jira. Ƙara taragu, wanda aka fi yawan ambato, zai rage cunkoso kawai. Jinkiri kuwa sai an ƙara wuraren kaucewa an kuma riƙe lokacin tashi. Bugu da ƙari, Idu da Rigasa duk suna gefen gari, don haka ana bukatar motocin haya masu tsayayyen farashi da za su riƙa tarar kowane jirgi.