Sirrin Kindirmo Yana Ga Zafinsa

Uwargida ran gida, kin lura cewa kindirmon da ke kama miki sumul a bazara, da hunturu ya shigo sai ki wayi gari ki tarar da shi tsululu? Ba hannunki ne ya canza ba, zafi ne. Wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu amfani ne ke sa madara ta yi tsami da kauri. Sun fi aiki a zafin digiri 40 zuwa 45. Sanyi yana kashe musu jiki, zafi mai yawa kuma yana hallaka su.

Abu na farko da za ki tanada shi ne ma'aunin zafi na girki. Ki ɗora madararki har ta kai digiri 85, ki sauke ta huce zuwa 43, sannan ki zuba cokali 2 na kindirmon jiya a kowace lita. In babu ma'auni, ki ɗiga kaɗan a bayan hannunki: ki ji ɗumi sosai, amma ban da ƙuna.

Na biyu, kular abinci. Ki ɗauraye ta da ruwan zafi, ki juye madarar, ki rufe ki lulluɓe da bargo. Kada a motsa ta sai bayan awa 6 zuwa 8. Mai hali tana iya sayen na'urar yin yogot, sai dai tana buƙatar tsayayyiyar wuta.

Na uku, abin sanyayawa, domin tsami ba ya tsayawa da kansa. Firji ya fi. In babu wuta, ga dabarar marigayi Malam Muhammad Bah Abba, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa.

A nan sai ki kula, 'yar'uwa. Zoɓo da kunun zaƙi masu sukari, in sun daɗe cikin zafi, sukan fara kumfa, sukarin ya soma juyewa barasa. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ba ya shan jiƙon zabibi bayan yammacin rana ta uku. Saboda haka ki dama daidai shan iyalinki. Wanda kika ga ya kumbura gora, ko warinsa ya canza, ki zubar, kada ki ba yara.

Allah Ya sa albarka a abin da muke ciyar da iyalanmu, amin.