Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Nijeriya: Horarwa, Fafutuka da Sauran Ayyukanta

1.0 Gabatarwa

Da zarar an ambaci ƙungiyar ƙwadago, abin da yakan faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne yajin aiki. Dalili kuwa shi ne ba a cika jin ɗuriyar irin waɗannan ƙungiyoyi ba sai ranar da aka rufe ofisoshi ko aka sallami yara daga makaranta. Amma yajin aiki ɗan ƙaramin ɓangare ne na abin da suke gudanarwa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ƙungiyar ma'aikatan gwamnati take aiki, ta hanyar ɗaukar Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NUT, a matsayin misali. An zaɓe ta ne saboda tana cikin tsofaffin ƙungiyoyin ƙasar nan, kuma da wuya a sami ƙaramar hukumar da ba ta da reshe a cikinta. Za a dubi tarihinta a taƙaice, da tsarinta, da yadda take horar da 'ya'yanta, da fafutukar da take yi, sa'annan a kawo matsalolin da ke gabanta.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Ma'aikatan gwamnati su ne suka fara kafa ƙungiyar ƙwadago a Nijeriya, wato a Legas cikin shekarar 1912. Malaman makaranta sun biyo baya a 1931, lokacin da ƙungiyar malaman Legas da ta hedimastocin ƙasar Ijebu suka haɗe suka zama NUT. Shugabanta na farko shi ne Rabaran I. O. Ransome-Kuti, wanda ya riƙe muƙamin har zuwa 1954, daga bisani Alvan Ikoku ya gaje shi. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta yi dokar da ta amince da ƙungiyoyin ƙwadago ba sai a 1938.

A wancan zamani yawancin malaman Kudu ma'aikatan makarantun mishan ne, na Arewa kuwa galibinsu a ƙarƙashin En'e suke. Tun da iyayen gidansu daban ne, koke-kokensu ma sun bambanta. Wannan yana daga cikin abin da ya sa Malam Aminu Kano, bayan dawowarsa daga karatu a Ingila, ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. An ci gaba da tafiya a rarrabe har zuwa 1972, lokacin da malaman jihohin Arewa suka haɗe da NUT, aka sami uwar ƙungiya guda.

A 1978 gwamnatin soja ta sake wa ƙungiyoyin ƙwadago fasali, ta tattara su zuwa manyan ƙungiyoyi 42 a ƙarƙashin Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, wato NLC, wadda Hassan Sunmonu ya fara shugabanta. NUT tana cikin jiga-jigan wannan haɗaka, har ma ɗaya daga cikin shugabanninta, Abdulwahid Umar, ya shugabanci NLC daga 2007 zuwa 2015.

3.0 Tsarin Ƙungiyar

Tsarin NUT ya bi tsarin mulkin ƙasa ne, wato hawa uku. Akwai uwar ƙungiya mai hedkwata a Abuja, da reshen kowace jiha, da kuma rassan ƙananan hukumomi. A ƙasan waɗannan akwai wakilin ƙungiya a makaranta, wanda shi ne yake fara jin kukan malami. Babban taron wakilai, wanda ake yi duk bayan shekara huɗu, shi yake zaɓen shugabanni, kuma shi yake da ikon gyara tsarin mulkin ƙungiya.

Ya kamata a bambance tsakanin shugabanni iri biyu. Shugaba da mataimakansa da ma'aji malamai ne da 'yan uwansu suka zaɓa na wani wa'adi. Babban sakatare da sakatarorin jihohi kuwa ma'aikata ne da ƙungiya ta ɗauka, tana biyan su albashi. Hikimar wannan ita ce sakatare ba ya cin albashin gwamnati, saboda haka ba a iya razana shi da canjin wurin aiki ko hana ƙarin girma.

Kuɗin gudanarwa yana fitowa ne daga wani kaso da ake cirewa a albashin kowane mamba tun kafin ya shiga hannunsa. Wannan tsari ya ba ƙungiyar ƙarfi, amma yana da nasa lahani. Tun da ta hannun gwamnati kuɗin yake bi, idan aka sami saɓani tana iya riƙe shi don ta karya lagon ƙungiyar. Bugu da ƙari, gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya nuna cewa zama mamba ganin dama ne, ba tilas ba.

4.0 Horarwa

Horarwar da ƙungiyar malamai take yi iri biyu ce: horo kan aikin ƙungiya, da horo kan aikin koyarwa.

4.1 Horo kan Aikin Ƙungiya

Malamin da aka zaɓa shugaban reshe jiya jiya alli ya sani, bai san teburin sasantawa ba. Ga shi kuma zai zauna da sakataren ilimi da jami'an kuɗi waɗanda suka ƙware da ƙa'idojin aikin gwamnati. Don haka dole a koya masa abubuwa kamar haka:

(a) Dokokin ƙwadago, musamman sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 wanda ya ba da 'yancin shiga ƙungiya, da Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976.

(b) Matakan warware rikici, wato daga tattaunawa, zuwa mai shiga tsakani, zuwa kwamitin sulhu, har zuwa Kotun Ƙwadago ta Ƙasa.

(c) Karanta kasafin kuɗi da jadawalin albashi, don ya san abin da ya shigo asusu da abin da ya fita.

(d) Gudanar da taro, da rubuta rahoto, da adana lissafin kuɗin reshe.

Ana ba da wannan horo ta tarurrukan bita da ƙungiyar take shiryawa, da kwasa-kwasan Cibiyar Nazarin Ƙwadago ta Michael Imoudu da ke Ilori, da kuma makarantun wucin gadi guda biyu da NLC take gudanarwa, ɗaya da damina, ɗaya da hunturu. Har ila yau, NUT ta gudanar da shirin da'irar nazari tare da haɗin gwiwar ƙungiyar malaman ƙasar Suwidin. Yadda ake yi shi ne malamai kaɗan su riƙa haɗuwa a kai a kai, su ɗauki batu guda, alal misali fansho ko ƙa'idar ƙarin girma, su karanta, su tattauna, ba tare da wani ya tsaya a gabansu yana lacca ba. Amfanin wannan hanya shi ne ba ta da tsada, kuma tana kai ilimin har makarantun ƙauye.

4.2 Horo kan Aikin Koyarwa

NUT ba ta ɗauki kanta a matsayin mai neman albashi kawai ba, tana kallon kanta a matsayin ƙungiyar masu sana'a. Shi ya sa ta daɗe tana neman a mai da koyarwa aiki mai ƙa'idar shiga, kamar aikin likita ko na lauya. Wannan buri ya kai ga kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya bisa dokar soja mai lamba 31 ta 1993. Hukumar ce take yi wa malamai rajista, tana ba su lasisi, kuma takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da aka amince da ita. Rassan ƙungiyar sukan ƙarfafa wa mambobinsu gwiwa su ƙaro ilimi, musamman ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda take koyarwa daga nesa ba tare da malami ya bar ajinsa ba.

5.0 Fafutuka

Fafutuka a nan tana nufin duk wani ƙoƙari na shawo kan hukuma ta yi wani abu ko ta bar wani abu. Takan fara da wasiƙa da ziyara, ta bi ta gabatar da takarda a gaban majalisa da hira da 'yan jarida, ta kai ga ba da wa'adi da zanga-zanga. Yajin aiki shi ne matakin ƙarshe. Misalai uku za su isa su nuna yadda abin yake.

Na farko shi ne batun albashi na musamman ga malamai. A 2008 ƙungiyar ta shiga yajin aiki na ƙasa baki ɗaya, wanda ya ƙare da yarjejeniya da gwamnoni kan ƙarin alawus na kashi 27.5 cikin ɗari. Sai dai jihohi da dama sun ɗauki shekaru kafin su fara biya, abin da ya sa rassa suka koma fafatawa ɗaya bayan ɗaya. Darasin da ke nan shi ne sa hannu a Abuja daban, ganin kuɗi a aljihun malami daban.

Na biyu shi ne shekarun ritaya. Bayan dogon nema, a 2022 aka sa hannu kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai daga 60 zuwa 65, shekarun aiki kuma daga 35 zuwa 40. An cim ma wannan ne ta hanyar majalisa da lallashi, ba ta rufe makarantu ba.

Na uku, wanda ya fi kowanne tsawon tarihi, shi ne tambayar wa zai biya malamin firamare. A 1988 aka kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa don ta kula da albashinsu. A 1991 aka rushe ta, aka miƙa nauyin ga ƙananan hukumomi, malamai suka shiga watanni ba albashi. A 1993 aka sake farfaɗo da ita. Tun daga wancan lokaci ƙungiyar take ɗari-ɗari da duk wani shiri da zai danƙa albashin malamai a hannun shugabannin ƙananan hukumomi, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake ta da wannan batu. Abin da ƙungiyar take nema shi ne a ware albashin malamai tun daga tushe kafin a raba kuɗin.

6.0 Sauran Ayyuka

Ban da waɗannan, rassan jihohi suna da ƙungiyoyin gama kai da suke ba da rance mai sauƙi, da asusun tanadi wanda malami yake zubawa wata-wata kamar adashi, ya karɓa idan ya yi ritaya, ko a ba magadansa idan ya rasu. Ƙungiyar takan ɗaukar wa mamba lauya idan an kore shi ba bisa ƙa'ida ba, takan kuma bi wa tsofaffin malamai kadin fansho da garatuti. Kowace ranar 5 ga Oktoba tana jagorantar bikin Ranar Malamai ta Duniya, wadda aka fara a 1994 don tunawa da shawarwarin da UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka zartar a 1966 kan matsayin malamai. Haka nan ita ce ta sanar da duniya a 2015 cewa rikicin Boko Haram ya ci rayukan malamai fiye da 600, ya kuma raba kimanin 19,000 da wuraren aikinsu.

7.0 Matsaloli

Matsala ta farko tana cikin yajin aikin kansa. Idan ma'aikatan masana'anta suka ajiye aiki, mai masana'anta ne yake asarar riba, don haka yakan yi hanzarin sasantawa. Idan malaman gwamnati suka ajiye alli kuwa, 'ya'yan talakawa ne suke zaman gida, alhali yawancin masu yanke shawara 'ya'yansu suna makarantun kuɗi. Ga kuma sashe na 43 na dokar 1976 da ya ce ba aiki, ba biya. Ke nan makamin yana iya yankan mai riƙe da shi.

Ta biyu ita ce yadda za a haɗa kare mamba da kare martabar sana'a. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta bayyana cewa 21,780 ba su sami makin da ta gindaya ba, ta kuma sallame su. Ƙungiyar ta ce Hukumar Rajistar Malamai ce kaɗai take da hurumin auna malami, kuma horarwa ta fi kora. Ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, amma ta janye ba tare da gwamnati ta sauya matsayi ba. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, abin da ya faru ya nuna cewa idan ƙungiya ba ta riga kowa yin magana kan ɗaukar malamai marasa cancanta ba, ranar da aka zo kora ba za ta sami jama'a a bayanta ba.

Ta uku ita ce rarrabuwar kai. Wasu malaman sakandare sun daɗe suna neman cin gashin kansu a ƙarƙashin wata ƙungiya daban, har an sha zuwa kotu. Ta huɗu kuma ita ce dangantaka da siyasa. Zaɓen tsohon shugaban ƙungiyar na ƙasa, Nasiru Idris, a matsayin gwamnan Jihar Kabi a 2023 ya nuna irin tasirin da malamai suke da shi. Duk da haka, wajibi ne ƙungiya ta tsare 'yancinta, ko da ɗanta ne a kan kujera.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa horarwa da fafutuka da ayyukan jin daɗin mambobi kamar duwatsun murhu ne, in babu ɗaya tukunya ba ta zama. Shugaban da ba a horar ba zai sa hannu a kan abin da bai fahimta ba, kuma mamban da bai ga amfanin kuɗin da ake cire masa ba, ba zai amsa kira ba ranar da aka neme shi. Saboda haka ana ba da shawarar a ware wani kaso sananne na kuɗin ƙungiya don horar da wakilan makarantu, a riƙa karanta wa mambobi lissafin kuɗi a fili, a kuma jawo iyayen yara cikin kowace fafutuka tun kafin a kai ga rufe aji. Ƙungiyar da ta yi haka za ta iya kare malami ba tare da ta cutar da ɗalibi ba.