Shebe ba ya tsirar da gashi: mu leƙa ƙarƙashin fata

Tun da bidiyon matan Chadi masu gashi har gadon baya ya cika TikTok, garin shebe da suke shafa wa gashin ya zama haja. Daga Farcha ta ƙasar Chadi har Kano ana rantsuwa yana tsirar da gashi. Ba ya tsirarwa.

Silin gashin da ake shafa wa shebe matacce ne, shi ya sa aski ba ya zafi. Rai yana can cikin ɗan ramin da ke nutse a fata, inda jini ke ciyar da saiwar. Fatar kai na ɗauke da irin ramukan nan kusan 100,000, duk da su aka haife mu. Kowanne na tura gashi kamar santimita 1 a wata, ya yi shekara 2 zuwa 6 yana aiki, ya huta, silin ya faɗi. Gefen ramin akwai 'yar jakar maiƙo da siririyar tsokar da ke sa tsikar jiki ta tashi. Aikin shebe da mai shi ne hana silin karyewa, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Amma uwar da ke ɗaure wa 'yarta kitso tamau har goshi ya yi ƙuraje, ramin take kashewa, kuma in ya mutu ya tafi ke nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a Farcha ɗin nan, ga babbar mayanka, ga ɗakin binciken dabbobi tun shekarun 1950, amma ba a maganar ramin gashin fatar dabba, wanda shi ke kawo kuɗi. Idan majemi ya tuje fata, bakunan ramukan nan ne ke zama zanen fuskarta. Laushi da kyan zanen ne suka sa fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ta ratsa Sahara, Turawa suka raɗa mata sunan Maroko. Wani ƙwaro mitsitsi, Demodex, a cikin ramin yake zama, ya tara ƙululu ƙarƙashin fata. Makiyayi ba ya kula, sai bayan jima a ga ƙirgin ya yi huji-huji, farashi ya zube.

Ina malaman dabbobi? Su shiga kara su koya wa dillalai shafa wuyan sa da kafaɗarsa kafin ciniki, don nan ƙululun suka fi fitowa.