Karen ruwa: sunan da muka yi tarayya da mutanen Ayalan

 Yau za mu taɓo wata dabba da yawancin yaranmu ba su taɓa gani ba, wato karen ruwa. Dabba ce mai dogon jiki da gajerun ƙafafu da santsin gashi, abincinta kifi da kaguwa da kwaɗi. A nan Dogondutse da Tibiri ba mu da kogi, sai tafkunan Dallol Mawri da ke cika da damina, don haka sai an gangara kogin Kwara ake jin labarinta a bakin masunta. Amma sunan kakanninmu sun san shi.

Abin mamaki, can a ƙasar Ayalan da ke Turai, a harshensu na gado suna kiran wannan dabba "madra uisce". Madra kare ne, uisce kuma ruwa. Karen ruwa ke nan, tamkar Bahaushe ne ya raɗa musu!

To, me ya sami wannan harshe? A da shi ne na yawancin jama'ar ƙasar. Mulkin Ingila da yunwar da ta fara a 1845 suka karya shi, ciniki da neman aiki suka koma Turanci, iyaye suka daina yi wa ƴaƴansu magana da shi. Tun 1922 gwamnatinsu ke koyar da shi a makarantu, amma ƙidayar 2022 ta nuna mutum kusan 72,000 kaɗai ke yin sa kullum a wajen makaranta, cikin jama'a fiye da miliyan 5.

A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Madalla. Sai dai labarin Ayalan ya nuna doka kaɗai ba ta raya harshe, sai bakin masu ciniki. Muddin muna lissafi da dala da jikka, muna kiran tarwaɗa da karfasa da gaiwa da sunayensu, Hausa na nan daram.

Saboda haka idan ɗan lakwal ya zo aike ya ce "poisson", uwa ta nuna masa tire, ta tambaye shi wane kifi yake so. In bai sani ba, a faɗa masa sunan kafin a miƙa masa canji. Allah ya ba da kasuwa.