Yadda Ya Kamata A Kula Da Manhajar Ƙirƙirarriyar Basira A Ofisoshinmu

Tun daga shekarar 2022 da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, ake ta samun manhajojin ƙirƙirarriyar basira waɗanda, ban da amsa tambaya, ake aika su cike fom, tura saƙo ko binciko takarda. A shekarar 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLaS mai jin Hausa, Yarbanci da Igbo. Ganin haka ya sa muke jan hankalin jama'a da ma'aikatan ƙananan hukumomin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa.

Ita wannan manhaja tana hasashen kalmar da za ta biyo baya ne daga ɗimbin rubutun da aka horar da ita da shi, saboda haka takan faɗi abin da ba haka yake ba, ba tare da nuna wani kokwanto ba. A shekarar 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a ƙasar Kanada ta umarci kamfanin jiragen sama na Air Canada ya biya wani fasinja diyya, saboda manhajar kamfanin ta ba shi bayanin da ba daidai ba a kan rangwamen kuɗin tikiti. Ke nan laifin ɗan aike yana wuyan wanda ya aike shi.

Mu ɗauka manomin masara a Ruwan Godiya ya tambayi ranar rabon taki, manhaja ta ba shi ranar bara. Ya yi asarar kuɗin mota da yinin aikin gona, ofis kuma ya zubar da mutuncinsa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka duk ofishin da zai yi amfani da ita ya kiyaye waɗannan:

1. A naɗa ma'aikaci guda da zai riƙa sabunta bayanan da ake ba ta.
2. Kada ta biya kuɗi ko ta cire sunan kowa daga jerin masu cin gajiya sai jami'i ya sa hannu.
3. A adana duk tambaya da amsa, a riƙa dubawa kowane mako.
4. A gwada ta da Hausar da manomanmu ke yi kafin a sake ta ga jama'a.
5. A kare lambar NIN da lambar wayar mutane, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanada.

A ƙarshe, muna kira ga jama'a da su riƙa tabbatar da duk bayanin da ya shafi kuɗi, iri ko maganin feshi wajen malamin gona ko sakatariyar ƙaramar hukuma kafin su yi aiki da shi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.